Baƙin Muntaka Goma Sha Biyu

Bayan girbin shekarar 1926, wata ranar Laraba, kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, ya sauka a kampamar Matameye, wato masaukin Nasara, da takarkarai biyu ɗauke da akwatunan katako. Cikin akwatunan akwai 'yan itatuwa goma sha biyu a tukwanen ƙasa, kowane bai wuce kamu biyu ba. Daga garinsu aka aiko masa da su. Jirgin ruwa ya kawo su Ikko, jirgin ƙasa ya kawo su Kano, takarkarai suka ƙarasa. A makon nan ne kuma mai shela ya zaga gari ya ce idan kumandan ya komo bayan wata huɗu, kowace unguwa za ta ba da maza biyar su tafi aikin dole a hanyar Damagaram, wata uku suna ɗaukar dutse. Mutum ɗaya ne ba za a taɓa ba, wanda zai kula da itatuwan kumandan.

Sunan Muntaka ne na biyu cikin biyar ɗin unguwarsu. Kafin mai shela ya sauke murya ya riga ya kama hanyar kampama.

Muntaka dogo ne mai faɗin murya. Yana da lambu a fadama, gadon ubansa, wanda matarsa Balki ke nomawa, shi kuma yana ba da labarinsa. A bakinsa, ya taɓa haƙo albasa guda da ta hana jaki tashi. Ya taɓa manta sandarsa a fangali, da ya komo bayan kwana uku ya tarar ta yi ganye. Mutanen gari sun daina gardama da shi tun da daɗewa, sai taubashinsa Illa, wanda al'ada ta ba shi izni, shi kuwa bai taɓa barin iznin ya yi tsatsa ba.

A kampama Muntaka ya ratsa mutane ya durƙusa gaban tafinta, wani ɗan Damagaram mai suna Lawwali.

"Tafinta, gaya wa Nasara ya kwantar da hankalinsa. Duk abin da ƙasar Matameye ke karɓa, daga hannuna take karɓarsa."

"Gaya masa kuma sunan hannun Balki," in ji Illa daga baya.

Tafinta ya juya na farko, ya bar na biyu. Kumandan ya dubi tsawon Muntaka da faɗin kafaɗarsa, ya gyaɗa kai. Ya sa aka buɗe akwati. Ganyen itatuwan siriri ne, yana ɗanko a hannu, in ka murza sai ƙamshi ya tashi kamar na turaren wuta mai tsada. Kumandan ya ce sunansu sisti. Ya fiddo wata takarda mai hoto ya nuna furen: fari ne, fatarsa sirara, da ɗigon ja mai duhu a tsakiya. Ya daɗe yana kallon hoton kafin ya mayar aljihu. Sannan ya yi doguwar magana yana ƙirgawa da yatsu.

"Kumandan ya ce a dasa su nan kan tudu, cikin tsakuwa," in ji tafinta. "Ban da taki. Ban da inuwa. Ruwa ƙwarya guda, sai bayan kwana goma kuma a sake. Ya ce a garinsu kan duwatsu suke fitowa, ba mai kula su. Ya ce ba abin da ke kashe su kamar gata. Ka ji?"

"Na ji tun kafin ya faɗa," in ji Muntaka.

Ran nan aka cire sunansa daga cikin biyar. Tun da biyar ba ta zama huɗu, aka sa na Illa.

Kumandan ya tafi ranar Juma'a. Ranar Asabar da hantsi aka ga Muntaka yana gangarawa fadama da tukunya a ka, ya ajiye, ya komo ya ɗauki wata. Balki tana ban ruwa ta ga ya tsaya a kan fangalinta mafi kyau, na bakin rijiya, ya fara tuge albasa.

"Maigida, lafiya?"

"Wuri nake yi wa baƙi."

"Ba tsakuwa aka ce maka ba?"

Muntaka ya miƙe ya dube ta da tausayi. "Balki, daga ina suka fito? Wata biyu suna tafiya, ruwa da tudu. Baƙo ya sauka ƙofar gidanka da ƙurar hanya a ƙafa, ka nuna masa tsakuwa, ka ce ruwa sai bayan kwana goma? Ko a gidan marowaci ba a yi haka ba. Ɗan wa za a ce da ni a garin nan?"

"Itace ne fa."

"Itacen ma baƙo ne. Nasara dai bai san noma ba. Mutumin da ke cin ganye ɗanye, shi zai koya mini ƙasa? Kuma wa ya sani ko tafintan ne ya juya maganar baibai."

Ya dasa su a jere. Ya zuba musu takin awaki, ya bi da kashin tantabara, wanda ko albasa sai an auna mata shi da tafin hannu, shi kuwa da kwando ya auna. Ya kafa musu rumfar zana kada rana ta dame su. Ya kewaye su da shingen ƙaya. Ruwa kuwa tulu ashirin da safe, ashirin da la'asar. Mutumin da shekara goma ba a ga guga a hannunsa ba, sai ga shi yana ja har kafaɗa ta yi kanta. Masu lambu na maƙwabta suka riƙa barin aikinsu suna zuwa kallo.

Kwana takwas ganyen ya sunkuya.

"Baƙinka sun yi shiru," in ji Illa, yana jingine da shinge yana shan rake.

"Kunya ce. Kai ba ka san kunya ba, shi ya sa ba ka gane ta ba. Baƙo ba ya cewa a ƙara masa. Mai gida ne ke lura."

Ya ƙara musu tulu goma da azahar.

Kwana ashirin ganyen ya koma rawaya. Muntaka ya ce kewar gida ce. Ya tuna Nasara na son madara, ya aiki Balki wurin Fulani, ta ƙi, ya tafi da kansa. Ya zuba wa kowane ludayi biyu. Washegari ƙudan da ke fangalin ya fi na mahauta.

Da wata ya cika, uku suka bushe a tsaye cikin laka. Muntaka ya tsaya a kansu ya daɗe, sannan ya juyo ya dubi masu kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Baki ne," ya ce. "Kowa ya zo sai ya yaba, ba mai cewa tubarkalla."

"Wa ka ji ya yaba?" in ji Illa.

Muntaka ya samo ƙoƙon kan jaki ya soke a kan sanda tsakiyar fangali. Ya tafi wurin malamin unguwa ya ce yana da marasa lafiya a gida, bai faɗi ko su wane ne ba. Malam ya rubuta, ya wanke allo a 'yar ƙwarya, ya ce a ba su kurɓi uku uku. Muntaka ya ga 'yar ƙwarya ba za ta ishi tara ba, ya sirka ta da tulu shida.

A ƙarshen wata na uku shida suka bi 'yan'uwansu. Da Balki ta tuge ɗaya, saiwar ta fito baƙa, laushinta da warinta kamar daddawa. Uku ne suka rage, na can ƙarshen fangali inda ƙasa ta ɗan tashi, ruwa ba ya kwanciya, rumfar kuma ba ta kai ba. Su kam kore shar, har sun yi tofo.

"Ka ga waɗanda ruwanka bai kai gare su ba?" in ji Balki. "Me ka gani?"

"Na ga an zalunce su, suka yi haƙuri. Gobe zan rama musu."

"In ka zuba musu ko ɗigo, sai ka nemi mai dafa maka tuwo."

Wannan ita ce hujja ta farko da ta shiga kunnen Muntaka tun da aka fara. Ya bar su. Suka ci gaba da kyau, shi kuma ya ci gaba da gaya wa mutane cewa dabara ce: da gangan ya tace su, don ya gane masu ƙashin arziki.

Saura kwana goma kumandan ya komo, ranar kasuwa, Muntaka ya tara mutane a lambu don ya rufe bakin Illa. Ya janye shingen ƙaya gefe guda yadda kowa zai gani da kyau. Ya juya wa itatuwan baya, ya fuskanci jama'a, ya fara bayani tun daga Ikko. Ya faɗi yadda kumandan ya kama hannunsa ya ce duk ƙasar Damagaram ba ya da kamarsa. Ya faɗi yadda za a kai shi garin Nasara ya koya musu ban ruwa. Bai taɓa samun masu sauraro irin na ran nan ba. Ba mai tari, ba mai motsi, idon kowa a buɗe. Sai dai idanun ba a kansa suke ba, suna ɗan bayansa kaɗan.

Da ya juya don ya nuna da hannu, sai ya ga bunsurun Inna Baiwa ungozoma yana tauna reshen ƙarshe. Gemunsa ya cukurkuɗe da ɗankon ganyen, ya daskare kamar an tsoma shi a ƙaro.

"Mun so mu gaya maka," in ji Illa, "amma ba a katse babba yana magana."

Muntaka ya bi bunsurun da ƙoƙon kan jaki har bakin kasuwa. Bai kama shi ba. Abin da ya samu shi ne ganye guda da ya faɗo daga bakinsa. Tun daga ran nan kuma Matameye ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, bunsuru mai ƙamshi. In ya wuce, mata sai su juya su ga ko wace amarya ce.

Muntaka ya ɗauki ganyen nan ya shiga kasuwa da shi a tafin hannu. Ya nuna wa fataken Kano, suka ce in ba a kasuwar Kano ba to babu, kuma a kasuwar Kano ba su gani ba. Ya nuna wa masu saiwoyi, kowane ya ce ya san shi, kowane ya kira shi da suna dabam, ɗaya ma ya ce maganin basur ne. Daga ƙarshe ya isa wurin wani Buzu mai gishiri, Rhissa, wanda aka ce ba dutsen da bai taka ba tsakanin nan da Azbin. Rhissa ya sassauta rawani ya shinshina, ya mayar da rawanin.

"Ba na ƙasarmu ba ne. Ja da baya da shi."

Muntaka ya ja.

"Ƙara."

Ya ƙara, har ya kusa faɗawa kan mai tukwane.

"To, daga nan ɗan'uwan sabara ne," in ji Rhissa.

Muntaka ya iso gida yana murmushi. "Balki, wata dabara ta zo mini, irin wadda ba ta zuwa wa kowa."

Sabara ba ta da wuyar samu. Duk inda ka fita bayan gari ita ce ke fara yi maka maraba. Wuyarta haƙa. Muntaka ya tafi hanyar Dawce da jaki da hauya, ya zaɓi wata 'yar madaidaiciya, ya bi saiwarta kamu ɗaya, kamu biyu, kamu huɗu, saiwar ba ta nuna alamar tsayawa ba. Hauyarsa ta karye. Ya ari ta wani manomi, ita ma ta karye, ya bar jakin jingina ya dawo a ƙasa. Jajiberin zuwan kumandan ya koma da gatari. Ya saro manyan rassa goma sha biyu masu ganye, ya fiƙe gindinsu, ya kai su tudun kampama ya kakkafa cikin tsakuwa, daidai inda aka ce masa tun farko. Ya jiƙa ƙaro ya shafa wa ganyen don ya yi ɗanko. Ya ga bai yi ƙyalli ba, ya ƙara zuma. Ya ɗauko kaskon turaren Balki ya bi su ɗaya ɗaya da hayaƙi.

Ƙudan zuma suka riga kowa zuwa gaisuwa. Kafin magariba leɓen Muntaka na sama ya yi girman ƙwan zabuwa, idonsa na hagu ya rufe.

Saura fure. Wannan ma ya riga ya gama da shi a zuci, don ya lura furen kuɓewa da furen hoton kumandan kamar uwa ɗaya ta haife su, in ban da ɗan rawaya-rawaya. Da gari ya waye Balki ta iso lambu ta tarar da shi da faifai cike.

"Maigida, kowane fure kuɓewa guda ce. Miyar wata biyu ka tsinke."

"Miya ta fi mijinki? In aka kai ni ɗaukar dutse wa zai kula miki da lambu?"

Balki ta duba leɓen da idon, ta ɗauki guga ta nufi rijiya.

Ya maƙala furannin a jikin sabara da ƙayar aduwa, kowane reshe bakwai ko takwas. Da ya ja da baya kamar yadda Buzu ya koya masa, ya duba da idon da ya rage, shi kansa sai da abin ya burge shi.

Tafinta ne ya fara isowa a kan doki, don ya ga ko an share kampama. Ya tsaya gaban itatuwan. Ya dube su, ya dubi Muntaka.

"Wannan ai sabara ce."

"Sisti ne. Ruwan Matameye suka sha wata huɗu, suka ɗauko kamannin 'yan gari. Kai ma da ka zauna da Nasara ba ka ga tafiyarka ta sauya ba?"

Tafinta ya sosa ƙeya. "Ni abin da aka faɗa nake juyawa. Abin da na gani ba aikina ba ne."

Da hantsi kumandan ya iso. Gari duka yana tudun, mai gari da mutanensa a gaba, sauran a baya, har da waɗanda aka sa sunansu a aikin hanya, Illa a cikinsu. Babu yaro ko babba a wurin da bai san sabara ba, babu kuma wanda ya yi niyyar faɗa. Kumandan ya ja linzami tun daga nesa. Ya ga jeren kore a kan tsakuwa, da fararen furanni masu jan ɗigo suna motsi cikin iska. Ya cire hularsa. Ya yi magana a hankali.

"Ya ce kamar bayan gidan uwarsa," in ji tafinta.

Kumandan ya zaburi doki zai matsa, Muntaka ya yi wuf ya sha gabansa ya durƙusa.

"Tafinta, gaya masa a yi haƙuri. A al'adarmu, itacen da ya yi furen fari kamar mai jego ne. Namiji baƙo ba ya matsawa kusa sai an kwana bakwai. In ya matsa, furen zubewa yake."

Ta kumburarren leɓe maganar ta fito, amma ta fito. Kumandan mutum ne mai son al'adun mutane, yana da ɗan littafi da yake tara su. Ya fiddo shi ya rubuta wannan yana kan sirdi. Ya ce gobe da safe zai wuce, amma ba komai, ganin nesa ma ya ishe shi. Ya ce a tambayi mai lambu yadda ya yi.

Muntaka ya miƙe tsaye. Ya dubi Illa da ido ɗaya.

"Gaya masa ba wuya ga wanda ya iya. Ƙwarya guda, kwana goma, kamar yadda ya ce. Ni dama haka nake yi tun ina yaro. Gaya masa in yana da wasu ɗari ya aiko."

Yana cikin haka sai jama'a suka dare. Inna Baiwa ce ta ratso, tsohuwa 'yar guntuwa da sanda, zanenta ɗaure a ƙirji, hannunta da sauran toka. Ita ta yanke cibiyar rabin mutanen da ke tsaye a wurin, har da Muntaka, don haka ba ta saba neman izni ba. Ba ta dubi kumandan ba. Ta nufi itatuwan kai tsaye.

Muntaka ya tare ta, ya rage murya. "Inna, ina zuwa?"

"Matar Illa ta sauka da asuba, namiji. Ruwan wanka na kan wuta, ba ni da ganye. Ƙafata ba ta kai ni daji."

"Inna, ki rufa mini asiri. Bayan azahar zan kawo miki kaya guda."

"Ruwa zai jira azahar? Uban jaririn ya ce mini akwai sabara nan kusa, ga ta kuwa. Kauce, ɗan nan."

Muntaka ya waiwaya. Illa yana kallon sama kamar mai neman wata.

Inna Baiwa ta kama reshe guda don ta karya. Itacen duka ya biyo hannunta, ba gardama, gindinsa fiƙaƙƙe fari tas kamar turke. Ta juya shi ta duba.

"Allah ya yi maka albarka, har ka sare mini."

Ta zare na biyu, ta kakkaɓe su a ƙasa, furanni suka watse. Ta saɓa a kafaɗa ta juya.

Kumandan ya sauko daga doki. Wannan karon ba wanda ya yi masa zancen kwana bakwai. Ya zare na uku da yatsa biyu. Ya ciro fure guda, ya dubi ƙayar da ke jikinsa, ya lashi yatsansa ya ji zuma. Ya yi tambaya gajeriya.

"Ya ce ina saiwar?"

"Gaya masa a ƙasarmu in itace ya ji daɗin wuri ba ya buƙatar saiwa. Sai wanda hankalinsa bai kwanta ba ne ke riƙe ƙasa."

Tafinta ya juya, kalma bayan kalma, yana kallon ƙafarsa. Kumandan bai rubuta wannan a littafi ba. Wuyansa ya fara ja, jan yana hawa zuwa kunne, gardawa, dogaran Nasara da ke bayansa, suka gyara tsayuwa.

Bunsurun Inna Baiwa dama duk inda ta sa ƙafa yana biye. Ya tsaya tsintar furannin kuɓewa da suka zube, yana ci yana matsowa, har ya zo gindin takalmin kumandan. Kumandan ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya. Hancinsa ya motsa. Ya dubi itacen da ke hannunsa, ya shinshina, ya yar. Ya dubi dama da hagu. Sannan ya sunkuya a hankali, a gaban mai gari da liman da dukan Matameye, ya kama gemun bunsuru ya kai hanci, ya lumshe ido.

Bunsurun ma ya daina tauna.

"Shekara bakwai ina tare da shi," in ji Inna Baiwa daga bakin taro, "ban taɓa ganin wanda ya so shi haka ba."

Kumandan ya ɗago, bai saki gemun ba, ya yi wa tafinta magana.

"Ya ce ina itatuwansa goma sha biyu?"

Muntaka ya nuna bunsurun. "Uku suna nan ciki, lafiyarsu lau sanda suka shiga."

"Tara fa?"

Muntaka ya fara neman inda zai kamo zancen, sai muryar Balki ta fito daga cikin mata. "Ruwa ya ci su."

Tafinta ya juya. Kumandan ya dubi tudun, ya dubi busasshiyar ƙasa har iyakar gani, inda rabonta da ruwan sama wata biyar. Ya sake tambaya.

"Ya ce a ina aka sami ruwan?"

"Tulu hamsin kullum," in ji Illa, "a kansa yake ɗauka. Ni shaida ne. Har da madara."

Kumandan ya nemi a sake faɗin na madarar. Aka sake. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya saki bunsurun, ya zauna a kan akwatin da aka kawo itatuwan, ya yi dariya har hawaye suka zubo, yana buga gwiwa da hula. Da mai gari ya ga haka shi ma ya saki tasa, gari duka ya ɗauka.

Muntaka ya gyara wuyan riga. Ya matsa kusa da Illa. "Ka gani? Shekara nawa yana ƙasar nan, wa ya taɓa sa shi dariya? Ka shirya gammonka."

Kumandan ya share ido. Ya sa aka kawo masa almakashi daga jakarsa, gardi biyu suka riƙe bunsuru, ya yanke gemun da kansa, ya naɗe shi cikin farin ƙyalle ya sa a aljihun ƙirji, wurin hoton. Sannan ya yi magana da tafinta, yana nuna Muntaka da almakashin.

"Kumandan ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci irinka ba."

"Kun ji ko?" in ji Muntaka, yana juyawa ga jama'a.

"Ya ce mutumin da ke ɗaukar tulu hamsin a rana ba wanda ya sa shi, asara ce a bar shi a gida ana aikin hanya. Ya ce a mayar da sunanka. Wanda aka yi wa haihuwa ya zauna ya yi suna."

Washegari da safe masu aikin hanya suka taru a ƙofar gari. Balki ta kawo wa Muntaka ƙunshin gumba da tabarma. Illa ya rako shi, ya miƙa masa gammo sabo fil, ya ce dama ya riga ya naɗa, kada ya lalace. Idon Muntaka ya fara buɗewa, leɓen ya ɗan saɓe. Ya dubi hanyar da ta miƙe arewa, ya dubi gardin da zai kai su.

"Wata nawa suka ce za a yi?"

"Uku," in ji gardi.

"Don ba su tambaye ni ba ne. Hanya ai ba a fara ta da dutse. Bari mu isa, zan nuna muku yadda ake yi, kwana ashirin kowa ya koma gidansa."

Gardin ya ɗauki kwando ya kifa masa a ka, ya nuna masa gaba da sanda.